Darasi na 14: Kaya Mai Sakon Ɗauri a Bakin Shingen Nukiliya

Wanda ya tashi daga Jibiya ya bi Magama, ya tsallaka Ɗan Isa da Maraɗi, ya yi ta nausawa arewa har ya wuce Agadas, zai isa Arlit, inda aka fara fitar da yuraniyom a 1971. Wanda kuma ya bi Katsina ya gangara Zariya, zai tarar da wata 'yar tukunyar nukiliya a Jami'ar Ahmadu Bello, wadda ta fara aiki a 2004. Garinmu ke nan tsakanin inda ake tono ƙarfen da inda ake nazarin irinsa, amma da wuya a ɗauko maganar nukiliya a majalisa ba a kai ta ga bam ba. Darasin yau ba ruwansa da bam. Tambaya ɗaya za mu bi: idan aka harbo wata ƙaramar cibiya wadda ba ta riƙe kanta da kyau ba, ta doshi babbar cibiya irin ta darma ko yuraniyom, kuma ba da gudu mai tsanani ba, me ke faruwa? Masana sun yi fiye da shekara goma suna gardama a kan amsar, kuma yadda aka raba gardamar ya fi amsar kanta daɗin koyo.

Tuna baya

A darasin da ya gabata mun ga cewa kowane abu tarin ƙwayoyin zarra ne, kuma kusan duk nauyin ƙwayar a dunƙule yake a tsakiyarta, wurin da muka kira cibiya. Abu biyu ne a cikin cibiya: furoton mai cajin lantarki, da nutiron wanda ba shi da caji ko kaɗan. Yawan furoton ne ke raɗa wa sinadari suna. Biyu hiliyom, uku litiyom, huɗu beriliyom, 79 zinariya, 82 darma, 92 yuraniyom. Nutiron kuwa ya ƙaru ko ya ragu, suna na nan. Shi ya sa ake liƙa lamba a bayan sunan, wato jimillar furoton da nutiron. Litiyom ɗin da ke batirin wayarku yawancinsa litiyom-7 ne, furoton uku da nutiron huɗu, kuma ko shekara miliyan nawa zai yi ba zai canza ba.

Cibiyoyin da ke zaune daram haka 250 ne da 'yan kai. Waɗanda aka gano gaba ɗaya sun haura 3,000, sauran duka masu rikiɗa ne, kowace da wa'adinta. Ana auna wa'adin da rabin rai, wato lokacin da rabin tari ke ɗauka kafin ya rikiɗe ya koma wani sinadari. Yuraniyom-238, wanda shi ne fiye da kashi 99 cikin ɗari na abin da ake tonowa a Arlit, rabin ransa shekara biliyan 4.5 ne, shi ya sa har gobe ake samunsa a dutse. Hiliyom-6 kuwa rabin ransa bai cika sakan ɗaya ba. Ba a tono irinsa a ko'ina. Sai an ƙera shi, a yi amfani da shi nan take.

Shingen da ba a gani

Duk cibiya cajinta iri ɗaya ne da na 'yar uwarta, caji iri ɗaya kuwa ture juna yake yi. Wani Bafaranshe, Charles Coulomb, shi ya auna ƙa'idar wannan turi a 1785, don haka ake cewa shingen Kulom. Ƙaramar cibiya tana matsowa, turin yana ƙaruwa, gudunta yana raguwa. Akwai wani ƙarfi na biyu mai janyowa, ƙarfin nukiliya, wanda ya fi turin nesa ba kusa ba, sai dai hannunsa gajere ne: ba ya kama komai sai cibiyoyin sun kusa taɓa juna. Wanda ya iya jure turi har ya isa inda wannan gajeren hannu zai cafke shi, ya haye shinge.

Tsayin shingen ana lissafa shi, kuma lissafin bai fi ƙarfinmu ba. Ana auna kuzari a nan da ma'aunin da ake rubutawa MeV, ana auna tazara da femtomita, wato kashi ɗaya cikin tiriliyan na milimita. A ninka furoton na harsashi da furoton na abin hari, a ninka sakamakon da 1.44, a raba da tazarar da ke tsakaninsu a ƙolin shinge. Ga hiliyom da darma: 2 sau 82 ya ba da 164, sau 1.44 ya ba da 236, a raba da femtomita 12, an sami kusan MeV 20. Ga litiyom da darma: 3 sau 82 ya ba da 246, sau 1.44 ya ba da 354, a raba da 13, an sami kusan 27.

Idan masu wannan fanni suka ce ƙaramin kuzari, nufinsu kuzarin da ke daf da tsayin shinge, ƙasa kaɗan ko sama kaɗan. Kada kalmar ta ruɗe ku. Litiyom-11 mai kuzarin MeV 30 yana gudun fiye da kilomita 20,000 a sakan, sakan biyu sun ishe shi ya zagaye duniya. Amma a ma'aunin cibiya wannan tafiyar hawainiya ce, domin turi yana ƙara rage ta har ta kusa tsayawa cik a bakin shinge. A wannan ɗan tsaikon ne halin harsashi ke fitowa fili. Da gudu mai tsanani zai wuce fuu, a ga kaɗan daga halinsa.

Babbar cibiya kuma ana zaɓenta ne saboda yawan furoton ɗinta yana sa turin ya yi ƙarfi tun daga nesa. An fi son darma-208, mai furoton 82 da nutiron 126, don tana da taurin kai: ba ta girgiza da wuri, saboda haka duk abin mamakin da aka gani, an san daga harsashi ya fito. Wasu lokuta a yi da zinariya ko bismot ko yuraniyom. Tunda mun ambaci darma da zinariya tare, dole a tuna da abin da ya faru da maƙwabtanmu na Zamfara a 2010, lokacin da ƙurar darma daga niƙan dutsen zinariya ta kashe ɗaruruwan yara a yankunan Anka da Bukkuyum. Wannan guba ta sinadari ce, ba ta nukiliya ba. Darmar batirin mota ba ta fitar da tururin nukiliya, amma hatsarinta ga yara ba wasa ba ne.

Akwai ma'auni da ake gwada komai da shi. A 1909, a Manchesta ta Ingila, Hans Geiger da Ernest Marsden sun harbi siririn fallen zinariya da cibiyoyin hiliyom-4, suka ga wasu kaɗan suna dawowa baya. A 1911 maigidansu Ernest Rutherford ya fitar da lissafin da ke faɗin ko nawa za su karkata zuwa kowace kusurwa idan turin lantarki ne kaɗai ke aiki. Har yau, duk harsashin da kuzarinsa ya yi ƙasa da shinge sosai, ana sa ran ya bi lissafin Rutherford sau da ƙafa. Wanda ya saɓa, akwai magana.

Masu sakon ɗauri

A yawancin cibiyoyi, sai an kashe wajen MeV 8 kafin a fizge nutiron ɗaya. Ɗauri ne tamau. An daɗe kuma ana ganin girman cibiya yana bin nauyinta ne a hankali, ba tsalle.

A 1985, wani masani ɗan Japan, Isao Tanihata, da abokan aikinsa a Berkeley ta Amurka suka auna girman 'yan gidan litiyom ɗaya bayan ɗaya. Litiyom-6, 7, 8, 9 duk sun zo daidai da zato. Da aka kai litiyom-11 sai girman ya yi tsalle. Bayan shekara biyu, Gregers Hansen da Björn Jonson suka kawo bayani: litiyom-11 ba dunƙule ɗaya ba ne. Curi ne na litiyom-9 a tsakiya, da nutiron biyu da ke yawo can nesa da shi, kamar hazo. Su suka sa masa suna halo, mu kuma a wannan littafi za mu ce cibiya mai hazo. MeV 0.37 kacal ya isa a ɓalle nutiron biyun nan gaba ɗaya, kuma nisan da suke kaiwa ya kusa faɗin cibiyar darma, wadda ta fi shi nauyi kusan sau goma sha tara. Rabin ransa bai kai kashi tara cikin dubu na sakan ba. Ƙiftawar ido ɗaya ta ninka shi sau goma.

Ba shi kaɗai ba ne. Hiliyom-6 curin hiliyom-4 ne da nutiron biyu, ɗaurinsu bai cika MeV ɗaya ba. Beriliyom-11 nutiron ɗaya ne a hazonsa, ɗaurinsa rabin MeV, shi kuwa yana daɗewa, rabin ransa ya kusa sakan 14. Abin da ya fi ɗaure kai game da hiliyom-6 da litiyom-11 shi ne, ukun nan sai tare suke zama. Cire nutiron ɗaya daga hiliyom-6, abin da ya rage, hiliyom-5, watsewa yake yi nan take. Cire curin, nutiron biyun ba sa riƙe juna. Haka litiyom-10, ba ya tsayawa.

A bakin shinge

Ku ɗauki abin da kowa ya sha gani a hanyar Magama ranar kasuwa. Ɗan acaɓa ya ɗoro buhu biyu na wake a baya, ya ɗaure da robar tsohon tif da ta sha rana har ta saki. Muddin yana tafiya miƙe, lafiya lau, babur da buhuna gudunsu ɗaya. Ya hango shinge ya taka birki. Birki taya yake kamawa, bai san da buhu ba. Babur ya rage gudu, buhuna suna nan da gudunsu, su zamo gaba su danne bayan mai tuƙi, roba ta miƙe har ta yi fari-fari. Ko ta riƙe, ko ta tsinke.

Haka abin yake ga cibiya mai hazo. Turin darma birki ne da ke kama curi kaɗai, domin a curi caji yake. Nutiron ba su da caji, ba su san ana turi ba, suna ci gaba abinsu. Sai cibiyar ta miƙe, curi a baya, nutiron a gaba, tun tana nesa da darma, tun gajeren hannun nukiliya bai kai gare ta ba. Daga nan hanya ta rabu. Wani lokaci ɗauri ya riƙe, cibiya ta juya ta koma yadda ta zo, wannan shi ne komawa lafiya. Wani lokaci ya tsinke, curi ya yi nasa wuri, nutiron su yi nasu, wannan ɓallewa. Wani lokaci kuma buhunan su gangara ta ƙarƙashin shinge su shige, mai babur ya juya hannu rabbana: nutiron sun faɗa cikin babbar cibiya, curi ya koma shi kaɗai. Ana kiran wannan miƙawa, ku riƙe shi da kyau, za mu dawo kansa. Sai na ƙarshe, komai da komai ya shige ya narke cikin babbar cibiya, a sami sabon sinadari, wato haɗewa.

Akwai inda misalin ya gaza. Ɗan Jibiya zai ce, in an hana shi wucewa ta shinge ai sai ya bi ɓarauniyar hanya. A nan babu ita. Shingen Kulom ya kewaye cibiya ta kowace fuska, ba gefe, ba daji. Duk da haka, wasu harsasai da kuzarinsu bai kai tsayin shinge ba sukan bayyana a ciki. George Gamow ne ya warware wannan a 1928, kuma da yuraniyom aka fara ganin matsalar. An harbe shi da hiliyom-4 mai kuzarin kusan MeV 9, shinge ya maido su duka. Amma shi da kansa yana fitar da hiliyom-4 mai MeV 4.2 kawai. Ta ina mai huɗu ya fito, alhali mai tara ya kasa shiga? Amsar ita ce, ƙananan abubuwa irin waɗannan ba su da wuri ɗaya tak da za a nuna a ce nan suke. Yiwuwar samunsu bazuwa take yi kamar igiyar ruwa, kuma ɗan kaɗan daga cikinta yana ratsa shinge ya ɓulla ɗaya gefen. Ana ce da wannan ratse. Idan shinge ya ɗan rage tsayi ko kauri, ratse yana ƙaruwa ninki ba ninki. Wannan ɗabi'a ce kuma ta haifi hazon kansa: nutiron mai sakon ɗauri yana yawo a wurin da, a lissafin da muka saba, ba shi da kuzarin zuwa.

Yadda ake gwajin

Abin da ke mutuwa kafin a ƙifta ido, yaya ake harba shi? A wurin bincike na TRIUMF da ke Bankuba ta Kanada, wani babban inji yana cilla furoton mai MeV 500 cikin ƙarfen tantalom mai zafi jawur. Cibiyoyin ƙarfen su farfashe, gutsattsari iri-iri su fito, maganaɗisu ya tace su bisa nauyi ya ware litiyom-11, inji na biyu ya ba shi gudun da ake so, ya bi bututun da aka zuƙe wa iska har ɗakin gwaji. Da yawa suna rikiɗewa a hanya. 'Yan dubbai ne ke isa a sakan, alhali da cibiya mai zaman lafiya ake yi, da biliyoyi ake magana. Shi ya sa gwaji ɗaya kan ci kwanaki ana aiki dare da rana.

Abin harin kansa ba shi da kwarjini. Fallen darma ne da aka shimfiɗa a bakin wani ɗan zobe, kaurinsa bai fi kashi ɗaya ko biyu cikin dubu na milimita ba, in aka yi sakaci da iska wajen buɗe akwatin sai ya yage. Kewaye da shi an jera na'urorin silikon bibbiyu, siririya a gaba, mai kauri a baya. Duk ƙwayar da ta fito daga karo sai ta ratsa siririyar ta bar ɗan kuzari, sannan ta tsaya a mai kaurin ta sauke sauran. Daga lambobin nan biyu ake gane ko wace ce: litiyom-11 ne ya dawo da kayansa, ko litiyom-9 ne ya dawo tsirara.

A 2012 wata tawaga da masanan Sifaniya suka jagoranta ta buga sakamakon irin wannan gwaji, a MeV 24.3 da 29.8, ɗaya ƙasa da shinge, ɗaya sama kaɗan. Dabararsu mai kyau ita ce sun fara harba litiyom-9, curin shi kaɗai, a kan darmar. A ƙasa da shinge ya bi lissafin Rutherford. Da aka harba litiyom-11 sai adadin masu komawa lafiya ya faɗi ƙasa da lissafin ƙwarai, har da waɗanda suka wuce can nesa da darma ba su kusance ta ba. Caji ɗaya, abin hari ɗaya, bambancin nutiron biyu ne kawai. An ga irin haka da hiliyom-6 a kan darma a Beljiyam, da beriliyom-11 a kan tutiya a wurin bincike na CERN a 2010.

Gardamar haɗewa

To hazo yana taimakon haɗewa ko yana hana ta? Tun farkon shekarun 1990 masana suka rabu. Hujjar masu cewa yana taimako a fili take: nutiron na gaba suna isa inda hannun nukiliya ke kamawa tun curi yana nesa, su janyo shi, shinge ya rage tsayi, ratse ya ƙaru. Mahir Hussein na Jami'ar Sao Paulo a Barazil da abokansa suka ce a 1992, a'a, abin da ya ɓalle a hanya ba zai iso ya haɗe ba, don haka a kusa da shinge haɗewa raguwa za ta yi. A 1994 Carlos Dasso da Andrea Vitturi suka mayar da martani cewa ita kanta hanyar ɓallewa, in an sa ta cikin lissafi yadda ya kamata, ƙara ratse take yi. Kowane ɓangare da lissafinsa, kuma ba wanda ya yi wauta.

Gwaje-gwajen farko sun yi kamar sun goyi bayan masu cewa yana taimako. A 1998, a Jami'ar Notre Dame ta Amurka, James Kolata da tawagarsa suka harbi bismot-209 da hiliyom-6, suka ba da rahoton ƙarin haɗewa a ƙasa da shinge. A 2000 aka yi wanda ya fi jan hankali a Louvain-la-Neuve ta Beljiyam, da hiliyom-6 a kan yuraniyom-238, irin na Arlit. Dabarar gwajin mai sauƙi ce. Idan hiliyom ya haɗe da yuraniyom, sabuwar cibiyar takan yi zafi ta tsage gida biyu, manyan gutsattsarin kuwa ba su da wuyar gani. Sai aka ƙirga tsagewa, aka ɗauke ta a matsayin shaidar haɗewa. A ƙasa da shinge hiliyom-6 ya jawo tsagewa fiye da hiliyom-4 nesa ba kusa ba. Aka ce hazo ya yi aikinsa.

Mutanen da suka yi gwajin ba su kwanta a kan nasararsu ba, kuma a ganina nan ne suka cancanci yabo. Suka sake shi da na'urorin da suka kewaye abin hari sosai, masu iya ganin abin da ya fito a lokaci ɗaya da kowace tsagewa. Tambayar ita ce: sa'ad da yuraniyom ya tsage, ina curin hiliyom-4 yake? In haɗewa aka yi, ya narke a ciki, ba za a gan shi ba. Sai ga shi ana ta ganinsa yana fitowa lafiyarsa ƙalau tare da gutsattsarin. A ƙasa da shinge, yawancin tsagewar haka take. Ashe miƙawa ce. Nutiron biyun sun faɗa cikin yuraniyom-238, ya zama yuraniyom-240 mai zafi, ya tsage, curi kuwa ko shinge bai haye ba. Da aka cire waɗannan daga lissafi, babban ƙarin da aka yi murna da shi ya ɓace. Riccardo Raabe da abokansa suka buga wannan a mujallar Nature a 2004. A Notre Dame ma an ga hiliyom-4 yana fitowa da yawan da ya zarce haɗewa, daga baya aka nuna cewa babban kasonsa daga miƙa nutiron ne.

Ku lura, ƙirgen farko ba ƙarya ba ne. Tsagewar ta faru, adadinta daidai ne. Sunan da aka ba ta ne ya kauce, domin hanya biyu ke kaiwa ga tsagewa, na'urar farko kuwa ba ta bambance su sosai.

A sama da shinge kuma maganar Hussein ta sami gindin zama. Mahananda Dasgupta da tawagarta a Kanbera ta Ostareliya sun nuna a 1999 cewa beriliyom-9, wanda ba ya rikiɗa amma ɗaurinsa sako-sako ne, cikakkiyar haɗewarsa da darma ta gaza zato da kusan kashi ɗaya cikin uku. Abin da ya ɓace bai tafi a banza ba: harsashi ya rabu, wani ɓangare ya shige, wani ya wuce. Har yanzu ana aiki a kan yadda za a raba ɓallewa da miƙawa a lissafi, musamman ga litiyom-11 da ke da wuyar samu.

Zariya da Ile-Ife

Babu injin da ke harba cibiyoyi masu gajeren rai a Najeriya ko Nijar. Amma ginshiƙai biyu na darasin nan ana aiki da su a gida.

Tukunyar Zariya, mai suna NIRR-1, tana Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello. Ƙirar Sin ce, da ƙarfin kilowat 30 ta fara, ba ta ba kowa wutar lantarki. A 2018 aka canza mata mai, daga yuraniyom da aka tace sosai zuwa wanda aka tace kaɗan, aka mayar da tsohon Sin. Aikinta samar da nutiron. Ana zuba ɗan samfur na ƙasa ko dutse ko hatsi a ƙaramin kwalin roba, iska ta tura shi ta bututu zuwa cikin tukunya. Nutiron ɗin da ke wurin kuzarinsu ya gaza tsayin shingen darma sau miliyan 800, amma suna shiga cibiyoyi ba mai tare su, don dalilin da ya sa nutiron na hiliyom-6 suka shige yuraniyom: ba caji, ba shinge. Zinariya-197 ta haɗiyi ɗaya ta zama zinariya-198, mai rabin rai kwana 2.7, tana rikiɗa tana fitar da haske mai kuzarin da ba na kowa ba sai nata. Da haka ake gane abin da ke cikin samfur, ko da ɗigo ne cikin miliyan.

A Jami'ar Obafemi Awolowo ta Ile-Ife kuma akwai injin cilla ƙwayoyi mai bolt miliyan 1.7. Hiliyom-4 da yake harbawa bai wuce MeV biyar da ɗan kai ba, can ƙasa da shingen manyan cibiyoyi, saboda haka yana bin lissafin Rutherford, ana amfani da dawowarsa a gane sinadaran da ke fuskar abu.

Wani zai ce, to me cibiya mai hazo za ta ƙara wa manomin rani a bakin madatsar ruwan Jibiya? Kai tsaye, ba komai, kuma bai kamata a yi muku daɗin baki ba. Amfaninta yana can wajen fahimtar asalin abubuwa. Zinariyar Zamfara da yuraniyom na Arlit an ƙera su ne tun kafin a yi duniyarmu, a wurare irin karon taurarin nutiron da aka hango a watan Agusta na 2017, inda cibiyoyi ke cika da nutiron har ɗaurinsu ya saki. Yawancin waɗannan cibiyoyi ba a taɓa kama su a ɗakin gwaji ba, da lissafi ake hasashen halinsu, lissafin kuwa a kan irin su hiliyom-6 ake gwada ingancinsa. Sannan injunan da aka gina don binciken cibiya, a TRIUMF da kuma iThemba kusa da Kef Tawun a Afirka ta Kudu, su ne kuma ke ƙera sinadarai masu gajeren rai da asibitoci ke amfani da su wajen hoton cikin jiki da maganin ciwon daji.

Aikin yi

1. Bismot yana da furoton 83, yuraniyom 92. Lissafa tsayin shingen da hiliyom zai tarar a gaban kowanne, ka ɗauki tazara femtomita 12 ga bismot, 12.5 ga yuraniyom.

2. An ƙera hiliyom-6 guda miliyan ɗaya. Rabin ransa sakan 0.8. Nawa za su rage bayan sakan 4? Bayan sakan 8 fa?

3. Me ya sa masu gwajin Bankuba suka ɓata lokacinsu mai tsada suna harba litiyom-9 kafin litiyom-11? Ku tattauna bibbiyu, ɗaya ya faɗa wa aji.

4. Beriliyom-11 ya doshi zinariya-197. A ɗaya gefen na'ura ta kama beriliyom-10. Faɗi hanyoyi biyu da za su iya jawo haka, sannan ka faɗi abin da za ka nema a fallen zinariyar bayan kwana ɗaya don ka bambance su.